Yadda Ake Bikon Fitilar Tirela Idan Ta Yi Yaji

Fitilun bayan tirela su ne bakin da babbar mota ke magana da shi da wanda ke biye da ita, domin da su take shaida masa cewa za ta tsaya, ko za ta karkata hagu ko dama, ko kuwa tana nan dai a gabansa cikin duhu. Saboda haka tirelar da fitilunta suka mutu da tsakar dare a tsakanin Kaduna da Zariya ba ta da maraba da katangar ƙarfe da aka gina a tsakiyar titi. Tsakanin mazaunin direba da waɗannan fitilu akwai tazarar da ta haura mita 12, shi ya sa shi ne na ƙarshe da labarin yajinsu ke riska, galibi daga bakin jami'in Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda tun kafuwarta a 1988 ba ta gaji da leƙen bayan motoci ba, ko kuma daga direban bas da ya sha gabansa yana watsa masa daƙuwa.

Hanyar biko da ta fi karɓuwa a wuraren da manyan motoci ke yada zango, irin su Tafa da Mararrabar Jos, ita ce mari, wato yaron mota ya naɗe hannun riga ya kai wa gilashin fitila tafi biyu, idan ta kawo ya ɗaga murya ya ce, "Ta kama, Oga!" Marin nan bai cancanci raini ba, domin fitilar da ta farfaɗo da duka ta tona asirin kanta cewa ƙwanta lafiya lau yake, wani mahaɗi ne kawai ya saki ko ya yi tsatsa. Kuskuren yana wajen ɗaukar marin a matsayin magani, alhali bincike ne, kuma ramin farko da taya ta faɗa zai rama wa fitilar, ta koma inda ta fito.

Mai son biko na gaskiya sai ya fara da ƙidaya kafin ya taɓa sukurdireba. Idan fitila ɗaya ce ta mutu, ƙwai ake tuhuma ko gidan da yake zama. Idan ɓangare guda ne, ko aiki guda kamar sigina ta hagu, sai a waiwayi fis da wayar wannan layi. Idan kuwa duka suka ɗauke a lokaci ɗaya, to ba taron dangi ƙwayaye suka yi ba, laifin yana ga filogin da ya haɗa kan mota da bodi, ko ga at. Wajen sayen ƙwai ma akwai hattara, domin motocin Turai irin su DAF da MAN suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 24, wadda ake samu ta hanyar jera batir biyu masu bolt 12, yayin da Mack ɗin Amurka ke aiki da bolt 12 kamar ƙaramar mota. Ƙwan bolt 12 da aka ɗaura wa DAF zai yi haske irin na ango na ɗan lokaci kaɗan sannan ya ƙone, shi kuwa na bolt 24 a jikin Mack zai kama, amma da ƙyar zai fi aci-balbal.

At ita ce uwar yawancin rigingimu, don haka ta cancanci a zauna a kanta. Wutar lantarki ba ta yarda ta fita daga batir sai ta tabbatar da hanyar komawa gida, kuma hanyar komawar ita masu gyaran wutar mota, waɗanda aka fi sani da 'yan rewaya, suke kira at. A yawancin tireloli ƙarfen shasi ne ke wannan aiki, ta wata gajeriyar waya da aka ɗaure da noti a bayan fitila. Ruwan damina da laka da ƙurar siminti suna taruwa a ƙarƙashin wannan noti har tsatsa ta shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sai wuta ta zo komawa ta iske ƙofa a rufe. Da yake ƙwan baya sau da yawa yana ɗauke da zare biyu a cikin gilashi ɗaya, mai wat 21 na birki da mai wat 5 na fakin, kuma fitilun da ke gida ɗaya at ɗinsu ɗaya ce, sai wutar ta bi ta zaren maƙwabci ta ratsa layin da ba nata ba. A nan ne ake ganin abin da ke sa wasu direbobi su fara zargin sammu: a kunna sigina ta dama, fitilar fakin ta shiga ƙifta ido tare da ita, a taka birki, duk sauran su dusashe kamar an yi musu rasuwa. Maganin wannan sammu sanfefa ce da sifana, a kwance notin, a goge wurin har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, sannan a shafa giris a kai don ruwa ya rasa mashiga. Akwai tirelolin da wayar at ɗinsu ta tsinke tun tuni, wutar tana lallaɓawa ne ta farantin ƙarfen da bodi ke hawa a kan kan mota, wurin da giris ya yi kauri. Alamarsu ita ce fitilu suna kamawa a tsaye, suna rawa a kan gargada.

Daga nan sai filogi, wanda a tsarin da aka fi sani yake da ƙafafu 7, kowace da launin wayarta: fara ta at ce, ruwan ɗorawa ta sigina ta hagu, koriya ta sigina ta dama, ja ta birki, baƙa da ruwan ƙasa na fitilun fakin da na gefe, shuɗiya kuwa ta ƙarin aiki ce da ya danganta da irin motar. A zare filogin, a kawo tasta, wato ƙaramin ƙwai mai waya da tsinke, a ɗana wayarsa a kan at ta kan mota, a riƙa taɓa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yayin da wani ke kunna fitilu a ciki. Idan wuta ta iso nan, kan mota ya fita daga zargi, sai a bi bodi. Idan ba ta iso ba, babu dalilin kwanciya a ƙarƙashin bodi a cikin rana. Sai dai launi shaida ne da ake karɓa da taka-tsantsan, domin tirelar da ta shekara goma tana zirga-zirga tsakanin Legas da Maiduguri ta ratsa hannun masu gyara da dama, kuma kowannensu ya yi aiki da launin wayar da ya tarar a akwatinsa a ranar.

Fis kuwa siririn ƙarfe ne da aka ƙera domin ya narke idan wuta ta wuce kima, ya mutu a madadin wayoyin mota. Idan aka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, yana faɗa ne cewa wata waya ta goge fatarta tana taɓa ƙarfe, abin da ake kira shot, kuma galibi ana samunta inda waya ta ratsa hujin shasi ko inda naɗaɗɗiyar igiyar bayan kan mota ke gogar ƙarfe a kan kwana. Wanda ya ga haka ya cusa wayar jan ƙarfe ko takardar kwalin taba a gurbin fis ya bar jaki yana dukan taiki, ya kuma mayar da dukan wayoyin motar fis. A bodin da ke ɗauke da auduga, balle tankar mai, wannan ba abin da za a yi wa dariya ba ne. Haka nan mahaɗin da aka murɗa da yatsa aka naɗe da baƙar leda yana iya kai mota Funtuwa a lokacin rani, amma ruwan farko zai sa jan ƙarfen ya yi kore ya ruɓe, don haka a matse shi da maɗauri na ƙarfe ko a liƙe da dalma, a rufe da salatif mai kyau.

Gwajin ƙarshe ana yin sa ne kafin magariba, direba a ciki, yaro a baya da tsumma a hannu, domin fitilar da ƙurar hunturu ta lulluɓe tana iya kamawa ba tare da kowa ya gani ba. A kira su ɗaya bayan ɗaya, sannan a haɗa fakin da birki da sigina a lokaci guda, tun da raunin at ba ya bayyana sai an ɗora mata kaya. A motoci da yawa masu birkin iska, matsin iskar ne ke kunna fitilar birki, saboda haka a bar inji ya cika tanki tukuna, kada a kwance wayoyin da ba su yi laifin komai ba.