Ƙofar Kankiya da Masu Gardamar Kusada

To, 'yan Kusada, saƙonku ya iso. Tun da na ce wani mai walda a Kankiya ya haɗa ƙofar ƙarfe da ke rufe kanta a hankali ba tare da ƙara ba, har yana neman takardar mallakar ƙirƙira, kuka rabu gida biyu. Wasu sun ce shaci-faɗi ne, me ɗan Kankiya zai ƙirƙira in ban da surutu. Wasu kuma sun ce ai yaron ya yi sallama da talauci, gobe-gobe Turawa za su zo da jakar kuɗi. Duk kun faɗi jarrabawa, amma na biyun sun fi ba ni tausayi.

Ƙofar dai tana nan, gani ya kori ji. Gwangwanin ƙarfe ne ya cika da man giya, ya zura sanda mai fukafukai biyu a ciki, ya ɗaura a inda ƙofar ke juyawa, ga sifirin yana jawo ta. Idan ƙofa ta taso, fukafukan sai sun tura mai ta 'yar ƙaramar kafa, man kuwa ba ya son gaggawa: iya saurinka, iya turjiyarsa. Birki ne, amma na mai.

Sai dai, Baba na Kusada, kai da ka ce ba a taɓa ganin irinsa ba, ina rediyonka mai kaset? Ka tuna yadda murfin ke buɗewa in ka danna, sannu-sannu kamar amarya za ta gaida surukai? Wannan ɗan birkin ne a ciki. Shi ne a mariƙin da ke saman ƙofar mota, wanda ke komawa a natse in ka sake shi, shi ne a murfin masai na zamani. Masana'antu man silikon suke zubawa, don kaurinsa ba ya sauyawa sosai tsakanin zafi da sanyi. Shekara da shekaru kana ɗauke da abin a kafaɗa kana jin Shata, ba ka taɓa tambaya ba.

Dokar Najeriya ta 1970 kan mallakar ƙirƙira da zane sharuɗɗa uku ta gindaya: abu ya zama sabo, ya zama an sa basira ba abin da kowane ma'abocin sana'ar zai hango ba, kuma ya yi amfani a masana'anta. Wurin sabuntar ne kifin rijiya ke shan mamaki. Ba a cewa sabo ne don babu shi a Kankiya, Kusada da Ingawa. Dokar cewa ta yi kada a taɓa bayyana shi ga jama'a a ko'ina, a kowane lokaci, a rubuce ko da baki ko ta amfani da shi, kafin ranar shigar da takarda. Ko da wani Bajapane ne ya zana shi shekara arba'in da suka wuce takardar na kwance tana shan ƙura, magana ta ƙare.

Abin da ya fi ciwo, mutumin namu da hannunsa ya yanka sabuntar. Ya kafa ƙofar a bakin shagonsa, kan hanyar Kano zuwa Katsina, kowane direba ya tsaya sai an buɗe masa gwangwanin an yi bayani. Ku kuma kuka zo kallo, kuka ɗauki bidiyo, kuka watsa a Facebook. Madalla da zumunci! Rangwamen da dokar ta yi na wata shida ne, ga wanda ya nuna kayansa a baje-kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Bakin titi bai shiga lissafi ba.

Na san abin da za ku ce: "Malam, ai mun ga wani da satifiket har da hatimi." Na yarda. Ofishin rajistar da ke Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, takardu yake dubawa: an cike daidai, an biya kuɗi? Ba ya tono ko abin sabo ne. Dokar da kanta ta ce ana ba da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba, riba da asara na mai ita. Tana aiki shekara 20 in ana biyan kuɗin shekara-shekara, amma ranar da wani ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da tsohon zane a hannu, ana iya soke ta. A Amurka ko Japan kuwa mai bincike ne zai zauna ya jera abin da ka ce naka ne, gaɓa-gaɓa, ya gwada da na magabata. Ya sami takarda guda da ta ƙunshi gwangwani, sanda, fukafukai da mai, to ka sha ruwa ka koma gida.

Kada ku ce mu kaɗai ke sakaci. A 2001 wani lauya a Ostireliya, John Keogh, ya yi rajistar taya, e, taya mai gungurawa, don ya nuna tsarin da ba a bincike komai zai haɗiye. Aka ba shi takarda.

Na shawarci mai waldar ya fara leƙa Google Patents, kyauta ne, sannan ya nemi hukumar NOTAP, wadda ke taimaka wa masu ƙirƙira shigar da takardu. In akwai sabon abu a aikinsa, ɗan ƙanƙani ne a lungu, wataƙila yadda zai hana ƙurar hunturu cin bakin gwangwanin, kuma wannan karon ya kama bakinsa. Ya ce, "Yallabai, bari in fara gyara na man tukuna." Da gaskiyarsa. A zafin bazara man giya ya tsinke, ƙofar ta koma buguwa kamar ta kowa. Da sanyin asuba kuwa man ya daskare, tana tafiyar hawainiya, har akuya ta shiga ta ci dusa ta fito ba ta gama rufuwa ba. An ce akuyar daga wajen Kusada ta ɓullo.