Kwamfutar Aiki Ba Kayan Lefe Ba Ce

Na ji ku, mutanen Tasawa da Mayahi. Tun ban gama sallama ba wani ya tsuke fuska: "Mu da ke fama da kuɗin gero, ina mu ina rubuta manhaja?" To Alhaji, ɗanka da ka tura Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ya koyo aikin kwamfuta, da me zai yi aikin? Da alƙalamin kara da tawada?

Ku kuma samari, ku rage dariya, kanku na nufo. Kun hango MacBook a hannun wani a Yamai, barci ya ƙaurace muku. Madalla! Ranar da ta yi yaji, wane mai gyara ne zai iya lallashinta a Mayahi?

Zafin watan Afrilu a nan yana zarce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ba ta sallama kafin ta toshe fanka. Ga wuta: kun manta watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke layin da NIGELEC ke dogara da shi? Wanda batirinsa ba ya kai awa biyu, carbi ya koma ja.

Saboda haka ku nemi mai jure wahala, ko ta hannu ce: ThinkPad, Dell Latitude ko HP EliteBook, waɗanda ake kwancewa da sukundireba, ake samun kayan gyaransu a titin Beirut na Kano. RAM ya kai giga 16, don Android Studio ba ya ƙoshi da 8. Ma'ajiya ta zama SSD. Kada ɗan kasuwa ya ruɗe ku da "Core i7 ce wallahi". Ku tambaye shi zubi na nawa. Microsoft ta yaye Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa sai zubi na 8 zuwa sama. Tsohuwar da ta gaza haka, Linux ne gatanta.

"Ai ta Kano QWERTY ce, mu AZERTY muka koya!" Haba ɗan lakwal, yatsunka mako guda za su yi kuka, sannan su gode maka, don alamomin rubuta manhaja sun fi kusa a kanta.

Wanda har yanzu ƙyalƙyali yake so, bismilla. Amma ya ajiye kuɗin motar Maraɗi, zuwa da dawowa.