Ku Masu Maganin Maciji a Aljihu

Na san ku. Tun ban buɗe baki ba kun fara murmushi: "Ai kakanmu ya sha magani, maciji in ya gan shi sunkuyar da kai yake yi." To madalla. Amma kakan nan, Allah ya jiƙansa, me ya sa muka taso muka tarar yana ɗingishi?

Kun ce an ba wane ganye ya tashi garau. Na yarda. Sai dai ba kowane maciji ke da dafin kisa ba, mai dafin ma wani lokaci yakan sari mutum bai zuba komai ba. Irin wannan ko ruwan randa aka ba shi zai warke. Mai ganye ya karɓi akuya, macijin da ya yi rangwame ko sannu ba a ce masa ba.

Kububuwa fa? Ba don wasa aka laƙaba mata gobe da nisa ba. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, sai ka ga jini a dasashi, har a fitsari. Kai kuma, gwani, ka ɗauko aska ka tsattsaga wurin. Tulu na yoyo, ka ƙara masa huji.

Ita kasa nama take ci. Ƙafa ta kumbura, ta yi bororo, fata ta yi baƙi, kwana kaɗan wari ya kori 'yan dubiya. Naman da ya mutu ba ya farfaɗowa, sai likita ya yanke shi, wani sa'in har da ƙafar. Ku kuma kun ɗaure ta tamau da robar keke ko tsumma, kun tare ɗan jinin da zai ciyar da ita. An ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Wallahi wannan tsumman ya cancanci gudu.

A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibitin saran maciji. Su ɗebi jinin wanda maciji ya sara a kwalba, su jira minti 20. In bai daskare ba, sai allurar kashe dafi irin su EchiTAb. Abin da ake so daga gare ka kaɗan ne: cire masa zobe da duk abin da ya matse, kada ya taka ƙafar, ɗora shi a babur ko mota.

Baƙin dutsen nan naka na maganin maciji kuwa, Malam, kada ka yar. Zai yi kyau wajen tokare ƙofa.