Sannunku da Ƙoƙari, Masu Ƙera Firinta

Wanda ya yi abin a yaba, a yaba masa. Yau kamfanonin da ke ƙera firinta da takwarorinsu masu rubuta manyan manhajojin kwamfuta ne suka cancanci jinjina, ga ta nan kuwa na miƙa da hannu biyu. Ranku ya daɗe, kun yi abin da ya gagari kowa. A zamanin da yaro zai zauna a Funtuwa ya tura wa yayansa da ke Jidda bidiyon bikin suna kafin a gama rabon goro, ku kun iya hana takarda guda ɗaya tsallake taku goma tsakanin tebur da firinta a cikin ɗaki ɗaya. Wannan ba ƙaramar baiwa ba ce. Allah ya ƙara basira.

Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san yadda abin yake. Firinta ɗaya ce, ko dai an jona ta da rauta, ko an maƙala ta a kwamfutar sakatariya an ce ta raba wa kowa. Sakatariya na kan Windows 10, akawu na riƙe da tsohuwar Windows 7 ɗinsa, oga ya dawo daga taro da MacBook, ɗan bautar ƙasa ya sa Ubuntu a tasa, kowa kuma da wayar Android a aljihu. Buƙatarsu ɗaya: a danna, takarda ta fito. Ƙaramin mai tunani zai ce ai sai a yi harshe ɗaya da duk waɗannan na'urori za su riƙa magana da firinta da shi. Ku kuwa, da yake hangenku ya fi na kowa nisa, sai kuka ga harshe ɗaya rowa ne. Tun 1984 Adobe ya fito da PostScript, HP kuma ya fito da PCL a shekarar. Hanyoyin isar da saƙon ma ba ku yi ƙwauro ba: ga tsohuwar ƙofar Unix mai lamba 515, ga ta HP mai lamba 9100, ga ta Windows da ake kira SMB, ga IPP a ƙofa ta 631. Kasuwa ɗaya, kowane mai awo da irin mudunsa, mai saye ne zai zauna ya yi lissafi. Madalla da wannan yalwa.

Inda kuka fi burge ni shi ne ƙananan firintocin nan masu araha da suka cika ofisoshi da shagunan buga takardu daga Kano har Maraɗi. Kun cire musu ƙwaƙwalwa don farashi ya sauka, kuka mayar da aikin tunanin kan kwamfuta, wato kan wata 'yar manhaja da masu gyara ke kira direba. In babu direban da ya dace da kwamfutarka, firintar ta zama akwatin roba. HP LaserJet 1020, wadda ta yi suna da ƙarko, ba ta ma riƙe manhajar cikinta: duk lokacin da aka kunna ta sai kwamfuta ta sake ɗura mata. Masu Linux sai da wasu 'yan sa-kai suka zauna suka tono sirrin harshenta da kansu, masu Mac kuma suka koyi lallaɓa ta da direban 'yar'uwarta 1022. Canon LBP2900 tana da nata harshen, CAPT, wanda ba a jin sa a gidan kowa sai gidan Canon. Wane irin kishin kai ne ya kai wannan? Direba kuma ba ɗaya ba: na Windows daban, na Mac daban, na kwamfuta mai bit 32 daban da na mai bit 64. Kun samar wa masu gyara abin kai wa bakin salati har tsufansu.

Na ga albarkar wannan aiki naku da idona, a wani ofishi da ba sai na kama suna ba. An ɗauke wuta da hantsi, aka tayar da janareta. Rauta ta farfaɗo ta sake rabon adireshi, firinta ta samu sabuwar lamba, kwamfutoci kuma suka ci gaba da sallama a tsohuwar ƙofa. Ga firintar nan a kunne, koriyar fitilarta na haske, amma kowane allo ya rantse ba ta nan. A kan benci wani dattijo ne zaune da ambulan a hannu, hularsa ta jiƙe da gumi, yana jiran wasiƙar da za ta ba shi damar bin haƙƙinsa na fansho.

"Hajiya, ta fito?" in ji masinja, yana tambayar sakatariya.

"Ba ta fito ba, Malam. Na sake turawa."

Ta sake dannawa, ta kashe ta kunna, ta zare waya ta hura mata iska ta mayar. Da azahar ta kawo jiki sai ta juya wajen benci, muryarta ƙasa-ƙasa: "Baba, don Allah a yi haƙuri, a dawo gobe." Ya ce, "Ba komai, 'yata, Allah ya kai mu." Ya tashi a hankali yana laluben aljihu, ya fito da canjin da ya rage masa ya ƙirga, ya mayar. Ba a garin yake ba. Da mai gyara ya iso da la'asar ya saita adireshin, firintar ta buɗe baki ta amayo duk abin da aka tara mata tun safe, wasiƙar dattijon kwafi a kan kwafi, har takarda ta ƙare. Mai wasiƙar kuwa ya daɗe da hawa mota. Kun koya wa tsoho haƙuri, kun ƙara wa direban tasha fasinja, kun taimaki mai sayar da takarda. Jifa ɗaya, alheri uku.

Ba zan manta da Microsoft ba, don kuwa shi ne jagaba a wannan fage. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi ta tsohuwar hanyar SMB ta farko ta kwantar da kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila. Aka rufe hanyar a sababbin Windows, tsofaffin na'urorin da ba su san wata hanya ba suka zama marayu. A tsakiyar 2021 kuma aka bankaɗo ɓarakar da aka laƙaba wa suna PrintNightmare, wadda ke ba ɓarawon intanet damar ƙwace kwamfuta ta hanyar manhajar da ke jera ayyukan bugu. Gyaran watan Agusta ya ce daga yanzu ba mai sa direban firintar ofis sai mai cikakken iko a kan kwamfutar. Na watan Satumba ya zo da kyautar da ma'aikata ba za su manta ba: ka danna bugu, allo ya amsa maka da 0x0000011b. Dubi fasahar magana! Babu dogon turanci, babu ɓata lokaci wajen gaya wa mutum abin da ya lalace ko abin da zai yi. Sakatariyar da ta yi difloma a aikin ofis ai ta san ma'anar wannan tun a aji ɗaya. Maganin da ya fi yawo a hannun masu gyara kuwa shi ne a shiga can cikin saitin Windows a kashe kariyar da gyaran ya kawo. Ka zaɓa: ko ka buga takardarka, ko ka tsare kwamfutarka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma a kyauta.

Google ma ya taka rawar gani. Ya buɗe Cloud Print a 2010, makarantu da ofisoshi suka dogara da shi, ya rufe shi a ƙarshen 2020. Apple ya ɗauki CUPS, tsarin bugun da Michael Sweet ya fitar a 1999, ya saye shi a 2007. Da Sweet ya bar kamfanin a ƙarshen 2019 sai aikin ya yi sanyi, har 'yan OpenPrinting suka ci gaba da shi. Mutanen Linux su ma a ba su nasu kason: za su ce maka abu ne mai sauƙi, buɗe baƙin allon nan ka rubuta umarni kaza, alhali kai wasiƙar neman hutu kake son bugawa. A Satumbar 2024 su ma an gano tasu ɓarakar a wani sashe na CUPS. Sai kuma girman takarda: direba ya zo a saite da takardar Amurka, mu kuma A4 muke sayarwa, firinta ta tsaya cak tana jiran takardar da babu ita a kasuwar Sabon Gari.

Kada wani ya ce wannan hidima ba ta haifar da komai ba. Ta haifar da zumunci. Tunda hanyar ofis ta ƙi, kowa ya koma yawo da filash zuwa kwamfutar sakatariya, filash ɗin kuma ya kwashi ƙwayar cuta daga nan ya sauke a can har ta game ofis. Wanda ba shi da filash ya tura ta WhatsApp zuwa wayar wani. Takardar albashi, sakamakon gwajin mara lafiya, tambayoyin jarrabawa, duk sun bi ta wayoyin mutanen da ba su da hurumin ganinsu, ko an kai su shagon bakin titi an buga an bar kwafin a kan allo don mai zuwa na gaba. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Sirrin bayin Allah ne ake watsawa saboda na'urori biyu da ke ɗaki ɗaya an hana su fahimtar juna. Tarihi ma ya shaida muku: a wajajen 1980, a cibiyar MIT ta Amurka, Richard Stallman ya nemi rubutun manhajar wata sabuwar firintar Xerox mai yawan cije takarda don ya gyara, aka hana shi. Takaicin yana cikin abin da ya kai shi ga shelanta aikin GNU a 1983. Firintarku ce ta fusata mutum har ya tayar da gwagwarmayar 'yantar da manhaja. Wa ya kai ku tasiri?

Masu hassada za su ce ƙila abin ne ya fi ƙarfinku. Ni na san ba haka ba ne, kuma ina da hujja. A Satumbar 2016 ɗimbin firintocin OfficeJet na HP suka daina karɓar kwalbar tawadar da ba ta kamfanin ba, saboda wani tsari da aka dasa musu ta hanyar sabunta manhaja. Wannan saƙon bai ɓata a hanya ba, bai nemi direba ba, bai ce adireshi ya canza ba. Firintar da ba ta gane kwamfutar da ke gefenta ta gane baƙuwar tawada nan take. Ashe inda kuɗinku yake, na'urarku tana da ido da kunne. Inda lokacin ma'aikaci da kuɗin motar tsoho suke ne take kurumcewa.

Babbar hujjar kuma ita ce maganin ya daɗe a hannunku. An fitar da IPP tun 1999, aka daidaita shi a 2000. Da shi kwamfuta ke tambayar firinta abin da ta iya, firinta ta ba da amsa, a tura aiki a tsarin da kowa ya sani, ba tare da direban kowa ba. A kansa Apple ya gina AirPrint a 2010. A 2013 aka fito da IPP Everywhere, a shekarar ce kuma Canon da HP da Samsung da Xerox suka kafa ƙungiyar Mopria. Sai a Satumbar 2023 Microsoft ya sanar zai janye hannu a hankali daga rarraba direbobin kamfanoni ya koma wannan hanya. Shekara ashirin da 'yan kai kuna riƙe da makulli mutane na haura katanga. Irin wannan natsuwa sai manya. Yanzu da kuka gyara sababbi, tsofaffin da aka yar a Turai da Amurka su ne ake lodowa a kwantena ana kawo mana, Windows 10 kuma an daina tallafa mata tun 14 ga Oktoban 2025. Rabonmu bai ɓata ba.

Ragowar jinjinar ta 'yan gida ce: jami'in sayayya da ɗan kwangilar da ke kawo firinta ba tare da sun tambayi kwamfutocin da ke ofishin ba, da ogan da ke sa hannu a takardar biya bai taɓa ganin an gwada ta ba. Ku ma sannunku.

A nan zan ajiye yabo in yi magana kai tsaye da duk mai ikon sayen kaya a ofis, makaranta ko asibiti. Yallaɓai, kafin ka biya, duba jikin kwalin ka ga ko an rubuta AirPrint, Mopria ko IPP Everywhere, ka kuma tabbatar firintar tana shiga rauta da kanta, ba sai ta rataya a kwamfutar wani ba. Sa a buga shafi a gabanka daga Windows, daga Mac, daga Linux in akwai, da kuma daga waya. Ka umarci mai gyara ya kafe mata adireshi ɗaya a rauta yadda ɗauke wuta ba zai canza shi ba, ya saita ta a A4, ya rubuta lambar ya manna a jikinta. In mai kawo kaya ya ƙi yarda a gwada, mayar masa da abinsa.