Mun Fi Jarumin Sanin Hanya

Mu 'yan unguwar Hajj Yusuf, in aka ce an mayar da gem fim, ba a rasa mu a wurin. Yaƙin Afrilun 2023 ya warwatsa mu, wasu Kasala, wasu Gadarif, wasu Alƙahira, amma hali zanen dutse ne. Daga Shigla har Maigoma, wa bai taɓa gutsurar kuɗin cefanen kasuwar Suk Sitta ya kai shagon PlayStation ba, ya koma gida ya ce tumatir ne ya yi tsada?

A shagon nan lokaci ake saya. Don haka da dattijon cikin gem ya buɗe baki zai ba da tarihin masarauta, wa ya sace takobi, wa ya tsine wa sarki, sai mu danna mu wuce, a kawo mana dodo mu sara kafin a ɗauke wuta. Amma ranar da Warcraft na 2016 ya iso a filash, mu ne a sahun gaba muna rantsuwa an ɓata labari. Wane labarin, ya zol? Gem ɗin ma na kwamfuta ne, yawancinmu ko hanyarsa ba mu bi ba. Fim ɗin ya tara dala miliyan 430 da ɗoriya, wajen rabi daga Sin, mu kuwa kyauta muka kalla, kuma mu muka fi kowa ƙorafi.

Abin da ke ci mana rai, ni dai a ganina, an karɓe mana hannun gem ne. Jiya kai ne jarumin, kai ke zaɓar sulke, kai ke yanke ko a yafe wa maci amana ko a sare shi. Yau an zaunar da kai a banbar, kujera 'yar tsugunno, wani na yi maka. Shi ya sa bakinmu ba ya rufuwa: sha magani mana, jininka ya kusa ƙarewa! Kai, ka wuce akwati ba ka buɗe ba! Mu da aka rena da sallama sau uku a ƙofar gida, a gem mukan faɗa ɗakin talakawa mu fasa tukwane mu kwashe 'yan kuɗinsu, sannan mu ji haushi jarumin fim ya fi mu ladabi.

Fim ɗin Final Fantasy na 2001 ya ci dala miliyan 137 bai mayar ba, har ɗakin da ya shirya shi ya rufe, kuma har yau akwai mai ce maka shi ya hango haka. Monster Hunter na 2020 ya cusa sojojin Amurka inda ba a gayyace su ba, muka yafe saboda Tony Jaa, tsohuwar zuma.

Su Kawu kuma su leƙo su ce sihiri ne, a'uzu billahi, sai su ja kujera da tsinken agashe a hannu, su tambaya ko wannan dodon ya kai macijin rijiyar Kusugu. Laifi tudu ne.

Musun The Witcher ne bai mutu ba. Wani ya ce Netflix sun saɓa wa gem, ɗan jami'a ya ce ai littafin wani marubucin Foland ne tun asali, mai shayi ta ce a biya ta kuɗin jabana, wato gahawa, tukun.