Yadda Za Ka Sa Buta Ta Yi Tafiya a Zangon Kumasi

To, ƙanena, na ji malaminku a Tek, wato jami'ar KNUST, ya ba ku aikin gajeren bidiyo irin na hoto bayan hoto: ka ajiye abu, ka ɗauka, ka gusa shi faɗin farce, ka sake ɗauka, har in an jera hotunan ido ya rantse abin da kansa yake tafiya. Na kuma ji a gida za ka yi, a Aboabo, gidan haya mai tsakar gida ɗaya. Allah ya ba da sa'a. Gyara zama.

Fara da lissafi kafin ka yi wa kowa alkawari. Fim ɗin silima hoto 24 ne a daƙiƙa. Masu irin wannan aiki sukan tsaya a 12, ido ya haƙura. Minti ɗaya ke nan hoto 720. In kowane hoto ya ci maka minti guda, awa 12 ce cif, daga fitowar ranar Kumasi zuwa faɗuwarta, ba koko, ba ƙosai, ba zagayawa. Saboda haka labarin nan da ka rubuta na yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, mai bindigogi da Turawa, mayar da shi aljihu. Ga labarinka: buta ta tashi daga bakin famfo ta je ƙofar ɗaki.

Me ya sa buta? Domin mai rai ba ya jiran kowa. Kamfanin Aardman na Ingila da ya yi Chicken Run a 2000, da yumɓun roba ya ƙera kajinsa, ba don kaza ta yi tsada a can ba. Halinta suka sani. Abin ci kuwa kada ka kuskura. Na taɓa sa ƙosai shida su yi fareti a faranti, kafin hoto na 90 saura huɗu, kuma duk yaran gidan suka ce azumin nafila suke yi.

Aibin buta ɗaya ne. Da an kira la'asar, Alhaji mai gida zai zo ya ɗauki jarumar fim ɗinka ya yi alwala, ya dire ta inda ya ga dama. Ba ka da ta cewa, butarsa ce. Ka zagaye gindinta da alli tun da wuri, ka sa ɗigo inda bakinta ya fuskanta. In ya idar, ka yi masa barka da salla, ka mayar da ita.

Waya kada ta motsa ko kaɗan. In ba ka da ƙafa-uku, cika gwangwanin Milo da yashi, ka ɗaure ta da roba. Ka kulle hasken kyamarar, don gajimaren garin nan ba shi da alkawari. In ka bar waya ta zaɓa da kanta, fim ɗin zai yi ta ƙifta ido kamar mai neman rance. Ka ce za ka shiga ɗaki ka yi da lantarki? Tambayi waɗanda suka yi karatu a 2015 ma'anar dumsor, sannan ka nemo fitilar caji. Manhajar Stop Motion Studio na nuna maka inuwar hoton baya a kan na yanzu, ka ga iya inda za ka gusa. Ɓawon albasa ake kiran wannan, kuma ita kaɗai ce albasar da ke hana hawaye.

Sai gyara, inda ake gane ɗan halak. Tun farko ka ɗauki hoton wurin babu kowa. In kana son buta ta yi tsalle, ka rataye ta da zare, sannan a Photoshop, ko GIMP da ba a biya, ka shimfiɗa kowane hoto a kan wancan na fili, ka goge zaren, ka goge yatsunka. Minti uku-uku, awa 36 ke nan, ban da yaran layi da suka leƙo. Norman McLaren na Kanada ya ci Oscar da fim ɗin da ya yi a 1952 kan maƙwabta biyu masu faɗa a kan fure ɗaya, amma shi nasa maƙwabtan suna tsayawa in ya ce su tsaya. Naka kuwa, zanen Hajiya zai bayyana a igiya a hoto na 200, ya ɓace a na 340. Kada ka goge. Ka gaya wa malam alama ce ta shuɗewar zamani. A sashen zane ana ba da maki a kan irin wannan.

Ka ajiye hotunan wuri biyu, kuma kada ka ara wa ɗan'uwanka wayar ya je suna a Sawaba. In wayar ta cika, ya ga hoton buta 700, ka san abin da zai fara gogewa.

Ranar nunawa za a shimfiɗa tabarma, gida ya taru. Kaka za ta sunkuya ta ɓare goro, kafin ta ɗago fim ya ƙare. Za ta ce, “Yanzu ɗan nan sati uku buta kake wa hoto? Ai da ƙanwarka ka aika, da tuni ta kawo ta.” Ka ce haka ne, Kaka. Amma ka tabbata ka sa Alhaji a sahun farko na godiya, don akwai aikin zango na biyu, kuma butar har yanzu tasa ce.