Zuwa Ga Bawana Bazazzage, Mai Lemo Ɗaya Tal

Bawana, labari ya iso mu a Kano cewa lemon tsamin nan naka guda ɗaya, wanda kake kira "lambu" in an zauna a majalisa, ya kwanta ciwo, kai kuma ka yi masa wanka da fiya-fiya. Haba Bazazzage! Tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru, nan bakin ƙofarku, amma sai Bakano ne zai koya maka duba ganye?

Ran da na zo, na same ka ka ɗaga kai sama kamar mai neman watan Sallah, alhali ɓarawon yana ƙarƙashin ganye. Juya shi mana! Ƙananan ƙwarin da suka yi cincirindo a sabon toho, ganye ya nannaɗe yana danƙo, darɓa ke nan. Baƙin da ya rufe ganyen, wanda ka rantse hayaƙin janareton maƙwabci ne har kuka daina gaisawa, fumfuna ce da ke tsirowa a kan zaƙin da ƙwarin ke fitarwa. Kiyashin da ke hawa da sauka kuwa zaƙin yake sha, yana tsaron ƙwarin kamar makiyayi da shanunsa.

Farin zanen nan mai lanƙwasa da ka ce rubutun aljanu ne, wata 'yar tsutsa ce ke haƙa hanya a cikin naman ganye. Abin da ka ɗauka kashin tsuntsu ne shi ma tsutsa ce, 'yar malam-buɗe-littafi, ita ke cinye maka gefen ganye. Tsince ta da hannu, ba ta cizo, ko da yake na san jarumtar Zage-zagi.

Fiya-fiyarka ta kashe ƙudan zuma da jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi, wanda darɓa ce abincinsa. Ka kori mai gadi ka bar ɓarawo. Ga darbejiya a ƙofar gidanka tana zubar da 'ya'ya a banza. Busar da ƙwallon, a daka, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, ka fesa ƙasan ganye da yamma in rana ta yi sanyi, ka maimaita bayan mako.

Ladan wannan karatu kwandon lemo ne, ka haɗo shi da kuɗin sharar bana. Na bara ma ban gani ba.